Amsa ga 'yar'uwar da ta haɗa tumatir da attaruhu a fangali ɗaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da na karanta cewa ganyen tumatir ɗinki yana nannaɗewa, attaruhun kuma yana zubar da fure, wallahi sai da gabana ya faɗi, don na sha wannan baƙin cikin. Kin tambaya ko haɗa su da kika yi ne ya jawo, ko kuma tumatir zai ɗauki yaji. Ba zai ɗauka ba, ki kwantar da hankalinki. Amma dangin juna ne, sau da yawa cutar da ta kama ɗaya ba ta ƙyale ɗayan.

Gobe da sassafe ki ɗaga ganyen ki leƙa ƙarƙashi. In kin ga wasu 'yan ƙananan fararen ƙudaje sun tashi, su ne masu yaɗa cutar nannaɗewar. Ni daga wajen wani mai sayar da dashe a kasuwa na kwaso su. Na nuna masa ganyen da ya fara rawaya, ya rantse mini da Allah wai rana ce kawai, da na ba su ruwa za su miƙe. Ko wata ba a yi ba tumatir ya tsuke, ganye ya ƙanƙance ya koma sama kamar cokali, attaruhun da na raina da hannuna tun yana iri shi ma ya bi sahu. Da ruwan saye na yi wannan bayin, a tsakiyar rani! Ranar da na tuge su ina tugewa ina hawaye, yarana na tsaye suna kallona. Da na koma wajensa ko kallon arziki bai yi mini ba, wai hannuna ne ba shi da albarka. Har gobe in na bi ta layinsa raina sai ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

Wanda ya riga ya nannaɗe ba ya warkewa, ki tuge ki ƙone, kar tausayi ya hana ki. Sauran ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗan sa sabulu, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen. Ki duba kuma ko akwai farin zane a cikin ganyen tumatir, wannan yana iya zama alamar tsutsar da ake kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har tumatir ya gagari talaka.

Zubar fure kuwa, tumatir ya fi saurin girma, sai ya yi wa attaruhu inuwa, ke kuma kina ba su ruwa daidai wa daida, alhali attaruhu ba ya son ƙasa ta yi caɓal. Ki kafa wa tumatir sanda ki ɗaure, ki rage takin yuriya, ganye kawai yake ƙarawa. In zafin Afrilu ya shigo dole ma furen ya zube, shi ya sa manoman tumatir na Kadawa a jihar Kano suke dashensu a hunturu.

Nan gaba don Allah ki yafa irinki da kanki. Ki fara da attaruhu, ya fi jinkirin tsirowa, tumatir ya biyo baya da mako biyu ko uku. Ki ba su tazara ko da kamu ɗaya ne, in ya yiwu kowa da buhunsa. Wurin nan kuma baɗi ki sa masa albasa ko masara. Ki turo mana hoton bayan ganyen mu gani. Allah ya sa albarka.