Tambaya da Amsa: Katangar mahaifinmu ta zube, mu sa siminti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana garka a bayan garin Tawa, a gindin wani tudu. Ya kewaye ta da katangar dutse zalla, ba laka ba siminti. A daminar bana gefe ɗaya ya zube, kamar taku goma. Ƙannena sun ce mu kwashe duwatsun mu ja katangar bulo, wai wancan aikin mutanen da ne. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Me ka gani?
Mai karatu daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kada ku kwashe dutse ko ɗaya. Ku tayar da ita yadda ya gina ta.

Ka ce garkar a gindin tudu take, to nan maganar take. Ruwan Adar, wato yankin Tawa, ba ya sallama. Hadari ɗaya ya sauka kan fako, sai ka ga ruwa ja wur yana gangarowa da gudu. Katangar bulo tare shi take yi, shi kuwa sai ya taru a bayanta ya yi ta tura ta. Ni da hannuna na taɓa ja wa wani mai garka irin wannan katanga a gangare, ina ji da ƙuruciya, buhun siminti ya fi talatin. Ruwa na biyu ya kwantar da ita gaba ɗaya kamar tabarma. Har yau in na bi ta wurin sai na ji kunya. Katangar dutse zalla kuwa ƙofofinta dubu ne. Ruwa ya ratsa ta a hankali ya wuce, ya bar muku laka da taki a gindinta. Je ka tona bayan katangar mahaifinka da yatsa, za ka tarar da ƙasa mai laushi wadda babu irinta a kan tudun.

Wannan dabarar ce aka yi aiki da ita a Keita, cikin jihar Tawa, tun daga 1984, lokacin da Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kawo aikin farfaɗo da ƙasa. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse a ka, ana jera shi a gangare don a karya gudun ruwa. Ka gaya wa ƙannenka kuma, a Zimbabuwe akwai ganuwar da ta kai mita 11 a tsayi, ba laka ko kaɗan tsakanin duwatsunta, ta haura shekara 500 a tsaye. Ko a 2018 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya, da sunan ƙasashen Turai 8, har da Faransa da Italiya.

Yanzu ga aikin. Ku warware wurin da ya zube har ƙasa, ku ware duwatsun: manya gefe guda, masu faɗi gefe guda, ƙanana gefe guda. Ku juya kowane dutse da sanda kafin ku sa hannu, kunama tana son irin wannan wuri. Ku haƙa tushe har ku tarar da ƙasa mai tauri, sannan ku kwantar da manya-manyan. Marmara mai rugurgujewa kada ta shiga tushe.

Katangar fuska biyu gare ta, ta ciki da ta waje, kowace tana ɗan jingina ga ƴar'uwarta. In gindi ya yi santimita 80, kai ya tsaya wajen 40. Tsawon dutse a cusa shi cikin katanga, kansa kawai za a gani daga waje. Yara sukan kwantar da shi tsawonsa yana bin fuskar katanga don aiki ya yi sauri, ranar da ƙasa ta motsa shi ne zai fara faɗowa. Kowane dutse ya hau kan biyu, ya rufe tsagar da ke ƙarƙashinsa. Cikin kuwa da hannu ake cika shi, ɗaya bayan ɗaya, ba a juye tsakuwa da kwano. In kun kai rabin tsayi, a kowace mita ku gitta dogon dutse wanda zai kama fuskokin biyu. Ina kyautata zaton rashinsa ne ya kayar da gefen naku, sai ka duba.

Abin da na fi so a aikin nan shi ne ƙarar. Dutsen da bai zauna ba yana ƙwas-ƙwas in ka taka shi. Ka ɗaga, ka juya, ka sake ajiyewa, sai ka ji ya yi shiru a tafin hannunka. Shekara arba'in ina gini, wannan shirun bai daina yi mini daɗi ba.

Kada ku wuce tsayin ƙirji, kuma ba a yin ɗakin kwana da ita. Saboda awaki, ku jera duwatsu a tsaye bisa kanta ku ɗora ƙaya. Taku goma, kai da ƙannenka, kwana uku ya ishe ku. Ku bari a gama girbi ƙasa ta bushe, ku fara da sanyin safiya.