Tambayoyinku: 'Yata Ta Dage Sai Ta Ɗauki TD

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ce ta shiga SS1, ta dage wai sai ta ɗauki TD, darasin nan na zanen gini da injina, don akitekca, wato ilmin tsara gine-gine, take son karantawa a ABU. Babanta yace aikin maza ne, ni kuma wallahi ko kaza ban taɓa ganin ta zana ba, ga kuɗin kayan aiki. Mu bar ta ko mu hana?
Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah ku bar ta. TD ba zanen kaza ko fulawa bane, awo ne da natsuwa, kusan kowane layi da rula ko kamfas ake jansa. Abin da ake nema shi ne a ajiye mata bulo ɗaya ta fitar da yadda yake ta gaba, ta sama, ta gefe, sannan ta dawo ta haɗa shi ya tashi tsaye a takarda kan kusurwar digiri 30, to nan ne fa yara suke shan wuya a zangon farko, wasu har kuka, amma ranar da idonta ya buɗe shikenan sai kun riƙa ƙwace fensir a hannunta.

Kayan ma ba su kai yadda kike tsoro ba. Allon zane kafinta zai iya yi in dai gefensa ya miƙe sak, sai ti-sikwaya (doguwar rula mai siffar harafin T), set-sikwaya (rula mai kusurwa uku) guda biyu, na digiri 45 da na 30 da 60, kamfas, fensir 2H na layin farko marar duhu da HB na fito da shi. Ki leƙa shagunan littattafai na Samaru, inda ABU take. In ta kula da su har SS3 za su kai ta.

Maganar maza kuwa, a yi wa Alhaji bayani cikin ladabi, ya shiga Samaru ya ga 'yan mata rungume da allunansu. Ni abin har zafi yake min, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a tun zamanin Sarki Abdulkarim ace muna hana 'ya'yanmu ilmin gini.

Abu ɗaya dai, TD akwai shi a WAEC da NECO amma babu shi a jarrabawar JAMB, don haka kar ta yi wasa da lissafi da fiziks. Kuma kafin ki sayi komai ki je makarantar da kanki ki tabbatar akwai malamin TD da yake shiga aji.