Feda sun matse a tsohuwar mota: ta ina za a fara?

Malam, ka ce ƙafarka na taka birki da totur lokaci guda saboda faɗinta. Kafin ka taɓa ƙarfe, girgiza kowace feda hagu da dama. Idan tana lilo, bushin ɗinta (zoben da take juyawa a kansa) ne ya cinye, kuma canza shi kaɗai kan dawo da tazarar da ta ɓace.

Sai ka auna daga gefen birki zuwa gefen totur, da takalmin da kake tuƙi da shi. Nemi kamar santimita 5 zuwa 6. Fara da totur, domin shi ba ya ɗaukar nauyi: cire shi, ɗaure a bais (abin matse ƙarfe), lanƙwasa hannunsa zuwa dama kamar santimita 2. Bayan ka mayar, tabbatar yana kaiwa ƙasa yana dawowa da kansa, bai goga kafet ba, wayarsa kuma ba ta karkace ba.

Kuloci kuwa, in shi ma ya matse da birki, a yanke farantin da ake takawa a sake masa walda ɗan hagu. Kada ya wuce santimita 2 ko 3, in ba haka ba hannun zai riƙa murɗewa yana cin bushin.

Birki ne ba na son a taɓa. Wuta na raunana ƙarfen, na zubi ma tsagewa yake yi, ranar taka birkin gaggawa kuma zai ba ka kunya. In dole ne, rage faɗin farantinsa ta gefen totur da santimita 1, a sa roba daidai shi. A ƙarshe taka birki iya ƙarfinka: dole ya tsaya sama da totur, fitilar birki kuma ta kama.