Amsa ga Yaya kan magoya bayan Ron Paul da irin kishin ƙasarsu

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda mutum mai hankali zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya ba ɗan takarar da shi kansa ya san da wuya ya ci zaɓe, sannan ya riƙa sukar gwamnatin ƙasarsa da yaƙe-yaƙenta a bainar jama'a, duk da haka ya ce babu wanda ya fi shi kishin ƙasa. Tun da na daɗe a wannan yanki na Houston a jihar Texas ta Amurka, kuma na zauna da irin mutanen nan a unguwa da wurin aiki, zan faɗa maka abin da na gani da abin da na fahimta.

Mutumin da suke bi shi ne Ron Paul, likitan mata da aka haifa a 1935, wanda ya zauna a garin Lake Jackson da ke kudu da mu, inda ya karɓi haihuwar jarirai fiye da 4,000. Ya shiga siyasa ne saboda ɓacin ran da ya yi sa'ad da Shugaba Nixon ya raba dala da zinari a 1971. Ya yi takarar shugaban ƙasa a 1988 a jam'iyyar Libateriyan, sannan ya nemi jam'iyyar Rifablikan ta tsayar da shi a 2008 da 2012. Lokacin da yake majalisar wakilai ana yi masa laƙabi da Dokta A'a, domin duk dokar da bai ga tushenta a kundin tsarin mulki ba, ƙin amincewa da ita yake yi ko da shi kaɗai ne. Aƙidarsa a taƙaice ita ce gwamnati ta rage haraji, ta daina buga kuɗi yadda ta ga dama, ta cire hannunta daga harkar mutum matuƙar bai cutar da kowa ba, ta kuma dawo da sojojinta gida.

Batun kuɗi shi ne ya fi ba ni mamaki a farkon lamarin, domin ni da kai mun tashi ne a inda ɗan takara ke rabon atamfa da taliya da kuɗin mota. A nan magoya baya ne suke ɗaukar nauyin ɗan takara. Ranar 5 ga Nuwamban 2007 suka tara masa fiye da dala miliyan 4 ta intanet cikin yini ɗaya, kuma su da kansu suka zaɓi ranar suka yayata ta, ofishin yaƙin neman zaɓensa bai shirya abin ba. Ranar 16 ga Disamba suka maimaita, aka samu fiye da dala miliyan 6. Ranar nan ta biyu tana da tarihi a wurinsu, domin a irinta ce a 1773 mutanen Boston suka zubar da ganyen shayin Turawan Ingila a teku don nuna ƙin harajin da aka ɗora musu ba tare da wakilci ba. Wani maƙwabcina mai gyaran famfo ya ba da nasa a ranar, kuma da na tambaye shi ko ba ya ganin asara ce, sai ya ce da ni duk ɗan siyasar da attajirai suka ɗauki nauyinsa, su zai yi wa aiki, shi ya sa yake so nasa ɗan takarar ya ci bashin talakawa irinsa. Na gan su da sanyin asuba suna ɗaura kyallaye a kan gadojin manyan hanyoyi, suna buga takardu da kuɗinsu, suna bin gida-gida bayan sun tashi daga aiki, har wasu suka yi karo-karo suka yi hayar wani ƙaton balan-balan mai tashi sama ɗauke da sunansa. Idan kana neman abin da ya yi kama da wannan a gida, ka tuna labarin da iyayenmu suke ba mu na 'yan NEPU, waɗanda suka bi Malam Aminu Kano da guminsu ba tare da jiran lada ba, ko da yake aƙidun biyu sun yi hannun riga ta fuskar aikin gwamnati.

Dangane da kishin ƙasa, sai ka fara sanin cewa mutanen nan sun raba ƙasa da gwamnati. Biyayyarsu ga kundin tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 take, kuma da yawansu suna yawo da ƙaramin kwafinsa a aljihun riga, suna ɗaga tutar Amurka tare da wata tsohuwar tuta rawaya mai hoton maciji, wadda ke gargaɗin kada a taka ta. A ganinsu shugaban da ya tsallake iyakar da kundin ya gindaya masa shi ne ya ci amanar ƙasa, wanda ya tsawata masa kuwa ya sauke nauyin da ke kansa. Shi ya sa suke alfahari da cewa Ron Paul ya ƙi dokar da ta faɗaɗa leƙen asirin 'yan ƙasa a 2001, ya kuma ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a 2002. A wata muhawara a watan Mayun 2007 ya ce katsalandan ɗin Amurka a Gabas ta Tsakiya yana cikin abubuwan da suka jawo harin 11 ga Satumba, tsohon magajin garin New York Rudy Giuliani ya taso masa ya nemi ya janye maganar, shi kuwa ya ƙi. Maimakon hakan ya kashe takararsa, sai matasa suka yi ta tururuwa zuwa gare shi. Shi kansa ya yi aikin likita a rundunar sojan sama, kuma a cikin masu neman takarar Rifablikan shi ne sojoji suka fi ba gudummawa, abin da magoya bayansa ke kafa hujja da shi duk lokacin da aka zarge su da rashin girmama soja. Mu Musulmin da ke nan ba mu manta ba cewa a 2010, lokacin da ake ta hayaniya kan gina cibiyar Musulunci kusa da inda aka kai harin New York, ya fito ya ce masu filin suna da 'yancin gina abin da suke so.

Duk da haka ban taɓa shiga tafiyarsu ba, kuma zan gaya maka dalili. An taɓa fitar da wasu mujallu da sunansa a shekarun 1980 da 1990 masu ɗauke da kalaman ƙasƙanta baƙar fata, ya ce ba shi ya rubuta ba kuma ya nesanta kansa da su, amma ni hankalina bai kwanta ba. Ya kuma soki wani sashe na dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata, yana mai cewa ta shiga haƙƙin mai dukiya, alhali ni na san ba don dokar nan ba da akwai shagunan da za su iya korata daga bakin ƙofa. Haka nan yana adawa da duk wani tallafi ga ƙasashen waje, har da na magunguna da ke isa asibitocinmu. Na sha yin musu da maƙwabcin nan nawa a kan waɗannan, muna rabuwa kowa da ra'ayinsa, washegari kuma mu gaisa lafiya.

Game da abin da wahalarsu ta haifar, a zaɓen fidda gwani na Rifablikan a 2012 Ron Paul ya zo na uku a jihar Iowa da kusan kashi 21 cikin ɗari, ya zo na biyu a New Hampshire da kusan kashi 23. Da yake magoya bayansa sun haddace dokokin jam'iyya, sai suka riƙa halartar tarurrukan gunduma da na jiha suna zama har dare bayan wasu sun gaji sun tafi, ta haka suka kwashe mafi yawan wakilan da ke zuwa babban taron jam'iyya don zaɓen ɗan takara a jihohi irin su Maine da Minnesota, ko da yake Mitt Romney aka tsayar a ƙarshe. Ɗansa Rand Paul ya ci kujerar sanata a Kentucky a 2010 da taimakon mutanen nan, shi kuwa uban ya bar majalisa a farkon 2013. Maƙwabcina har yanzu yana zuwa taron gundumarmu, kuma tutar nan rawaya tana nan a ƙofar garejinsa.

Ka gaida mini Inna da su Baba ƙarami da sauran mutanen gida.