Tambaya da Amsa: Lauya zai iya zama mawaƙin kilasik mai muryar bas?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina karatun lauya, kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta kwaya, shugabanmu ya ce muryata bas ce, wato wadda ta fi kowace kauri a muryoyin maza, wai in na dage zan iya tsayawa ni kaɗai in rera gaban makaɗa. To a gida an ce mun ko lauya ko waƙa, in zaɓi ɗaya. Don Allah akwai wanda ya taɓa haɗa biyun?

Amsa: Ɗan'uwa akwai su mana, kuma ba yau aka fara ba. Paul Robeson na Amurka ya gama karatun lauya a jami'ar Columbia a 1923, ya ɗan taɓa aiki a wani ofishin lauyoyi a New York amma wariyar launin fata ta sa ya bari, daga baya muryarsa mai zurfi ce ta sa duniya ta san shi. Andrea Bocelli ma lauya ya karanta a jami'ar Pisa ta Italiya, duk da shi muryarsa tena ce, sama da taka. Sai dai ka lura waɗannan biyun ajiye rigar lauya suka yi, kai kuma haɗawa kake tambaya, kuma gaskiya a nan muryar bas ta yi maka gata.

Ita bas ba ta nuna da wuri, yawanci sai mutum ya haura shekara 30 take cika ta zauna daram, kuma tana daɗewa ba ta lalace ba, to ka ga shekarun da za ka yi kana karatu da neman gindin zama a aiki ba asara ba ne, muryar ma jira take.

Abin da zai ba ka wahala shi ne opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, don can sai an yi makonni ana gwaji da rana tsaka, ga kaya ga wasan kwaikwayo, alƙali kuwa ba zai ɗaga maka shari'a don kana da gwaji ba. Masu haɗa biyun oratoriyo suke bi, wato doguwar waƙa mai labari da kwaya da makaɗa ke yi ba tare da wasan kwaikwayo ba. A Ingila da Jamus ƙungiyoyin kwaya na gari su ke ɗauko masu rera solo, wato masu tsayawa su kaɗai su rera, sau da yawa gwaji ɗaya ne da yamma ranar Asabar, da dare a yi taron, ka tsaya da baƙar kwat da littafinka a hannu, ka zauna ka jira har wurinka ya zo ka miƙe. Oratoriyon Messiah na marubucin kiɗa Handel da aka fara rerawa a Dublin a 1742 har yau duk shekara ana neman masu bas saboda shi, akwai wuri ɗaya da bas ke rerawa shi da mai busa kakaki, numfashin da yake ci ba wasa ba ne.

Amma fa kauri kaɗai ba ya isa. Dole ka iya karanta rubutun kiɗa da kanka, ka iya furta Jamusanci da Italiyanci da Latin, kuma ka sami malamin murya na gaske da zai saurare ka duk mako, don masu bas da yawa sukan danne maƙogwaro wai don sauti ya ƙara kauri, hakan kuwa kashe murya yake yi. Ka kula da ranakun kotu ma, wuni guda kana magana da ƙarfi ya fi waƙar kanta gajiyar da murya, in kana da taro da dare ka rage surutu ka sha ruwa sosai.

Ni dai shawarata kar ka bar karatun nan, ka gama shi. Kuɗin solo ba kullum yake zuwa ba, aikin lauyan ne zai biya maka malamin. Su kuma na gida ka gayyace su taronku na gaba su ji ka da kunnensu kafin a sake zaman maganar.