Wace lasifika ta dace da tace sauti a laftof?

Tambaya: Ina tace shirye-shiryen rediyo a laftof da lasifikar Bluetooth. A ɗaki aikin yana yin daɗi, amma a mota sai murya ta fito siririya. Wacce zan saya? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malam, lasifikarka ce ke ruɗin ka. Irinta tana ƙara wa sauti kauri, kai kuma ka rage, aiki ya fito ba nauyi. Ga jinkirin Bluetooth kuma.

Nemi monita ta situdiyo (lasifikar da aka yi don tace sauti, ba allon kwamfuta ba) guda biyu masu faɗin inci 5, kamar Yamaha HS5 ko JBL 305P. Mai inci 8 a ƙaramin ɗaki rugugi kawai za ta yi.

Kada ka jona su ta ramin iyafis. Sayi akwatin sauti na USB (na'urar da ke shiga tsakanin laftof da lasifikokin), irin Focusrite Scarlett, da wayoyin TRS ko XLR (nau'in wayoyin jona sauti masu kare zizar lantarki); suna rage zizar da akan ji idan caja na jone.

Ajiye su daidai tsayin kunnenka, kimanin mita 1 tsakaninsu, mita 1 zuwa kanka, kuma kada su manne da bango. In da janareta kake aiki, sa musu sitabilaiza, ka kashe su kafin a canja wuta.