Barde ne ko Dakare? Tambayoyi kan Hafsan Jamus da Lambarsa

Wani mai karatu daga Gusau ya ga an kira Erwin Rommel, hafsan sojan Jamus, "barde" saboda rawar da ya taka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ne yake tambaya ko kalmar ta dace.

Ba ta dace ba. Barde mayaƙin doki ne, wanda kuwa yake yaƙi a ƙasa dakare ne, jam'insa dakaru. A watan Oktoba na 1917 Rommel laftanan ne a bataliyar sojan tsaunuka ta Württemberg, kuma da ƙafa ya haura tsaunin Matajur a yaƙin Kaporetto, yana zagayawa ta bayan sojojin Italiya maimakon ya tunkare su gaba da gaba, har ya kama fursunoni kusan 9,000 cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i. Wannan dabarar ce magabata suke nufi da "yaƙi ɗan zamba ne", ba ha'inci ba kamar yadda wasu ke fassarawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu karanta labarai suka mayar da kowane soja dakare, har kana jin "dakarun sama" da "dakarun ruwa", alhali kalmar tun asalinta ta mai tafiya a ƙasa ce. Haka aka yi wa "jarumi", wanda yanzu kowane ɗan wasan kwaikwayo ya ɗauka, ko da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Wata malama daga Maraɗi ta tambayi sunan lambar da aka ba Rommel, da yadda za a faɗe ta da Hausa.

Sunanta Pour le Mérite, da Faransanci, kuma Sarki Frederick na Farusiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, ne ya kafa ta a 1740. "Lambar yabo" ta wadatar, domin aiki ake yabawa. "Lambar girmamawa" ta fi dacewa da wadda ake ba mutum don matsayinsa. Da farko wani laftanan daban aka ba Pour le Mérite kan kame Matajur, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sai da Rommel ya yi ƙorafi, sannan ya samu tasa a watan Disamba.

Wani kuma ya ce: jarumta ko jarumtaka?

Duk biyun Hausa ce. Ni dai jarumta nake rubutawa.